Wai su waye 'yan Rasta? Tambayoyin da mutane ke yawan yi da amsoshinsu

Mu nan da an ce "rasta" abin da ke faɗowa mutum a rai shi ne wani gaye mai tulin gashi da hula ja da kore da ruwan ɗorawa yana busa hayaƙi a bayan tasha, shikenan an gama yanke masa hukunci. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru, tun zamanin kaset da muke jin rege ba mu san ma me ake faɗa ba sai dai kiɗan ya yi mana daɗi. Sai daga baya na gane ashe abin nan addini ne sukutum mai tarihinsa da litattafansa da rigingimunsa. To ga tambayoyin da na fi jin mutane suna yi, na amsa iya yadda na fahimta. Ba tallar addinin kowa nake ba fa, bayani ne kawai.

Rasta addini ne ko dai gayu ne kawai?

Addini ne, duk da cewa su kansu da yawansu ba sa son a kira shi addini, sai su ce maka hanyar rayuwa ce. A tsibirin Jamaika ya taso, can yankin Karibiyan, a farkon shekarun 1930, cikin talakawa baƙar fata jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Ba su da shugaba ɗaya da kowa ke bi, ba Fafaroma ba babban limami, shi ya sa in ka tambayi Rasta biyar tambaya ɗaya kana iya samun amsa biyar. Amma akwai abubuwan da kusan dukkansu suka haɗu a kai: Ubangiji da suke kira Jah, girmama Sarki Haile Selassie na Habasha, da cewa Afirka ce gidan baƙar fata na asali kuma can ya kamata a koma.

Daga ina sunan ya fito?

Sunan mutum ne. Kafin a naɗa Haile Selassie sarki sunansa Ras Tafari Makonnen. Tafari shi ne sunan yanka, Makonnen sunan babansa, shi kuma Ras sarauta ce a harshen Amharik, ma'anarta "kai", wanda ya yi makarantar allo ya ɗan taɓa Larabci zai tuna da ra'asu, asalinsu ɗaya. An haife shi 23 ga Yuli 1892 a kusa da garin Harar, aka naɗa shi sarkin sarakuna ranar 2 ga Nuwamba 1930 a Addis Ababa, a nan ya ɗau sunan Haile Selassie wato "ikon Triniti". Shi kuma Jah daga Zabura 68:4 suka samo shi, gajeren sunan Ubangiji ne a Ibrananci.

To me ya haɗa mutumin Jamaika da sarkin Habasha, ƙasar da ko zuwa bai taɓa yi ba?

Nan ne asalin maganar take, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ka ɗauka an kamo kakanninka an ɗaure su a jirgin ruwa an kai su gonar rake, aka raba su da yarensu da sunansu da addininsu, har ba su san garin da suka fito ba. An soke bauta a Jamaika a 1834, 'yancin bai cika ba sai 1838, amma shekara ɗari bayan nan ƙasar tana hannun Ingila, gonaki na hannun Turawa da masu hasken fata, baƙi na ƙasa su ne 'yan dako da leburori. Littafi ɗaya da ke kusan kowane gida shi ne Baibul, a coci kuma hoton Yesu da ake nuna musu Bature ne mai dogon hanci da shuɗin ido, sarkin da ake ce su yi wa biyayya shi ma Bature ne a Landan.

To a cikin Baibul ɗin nan suka riƙa neman kansu, sai suka ga sunan Itofiya, wato Habasha, musamman Zabura 68:31 da ke maganar Habasha za ta miƙa hannuwanta ga Allah. Ga shi kuma a zahiri Habasha ta lallasa sojojin Italiya a yaƙin Adwa a 1896 zamanin Sarki Menelik na biyu, lokacin da Turawa suka gama yanka Afirka kamar naman layya. Kwatsam a 1930 sai jaridu suka cika da hoton wani baƙin sarki da kambin zinariya, manyan Turawa har da ɗan sarkin Ingila sun je taya shi murna, kuma laƙabinsa Sarkin Sarakuna, Ubangijin Iyayengiji, Zakin Kabilar Yahuza. Waɗannan kalmomin kuwa suna nan a Wahayin Yahaya 5:5 da 19:16. Mutumin da aka raina duk rayuwarsa ya ga wannan, me kake zato zai ce? Sai wasu suka ce alƙawari ya cika.

Ƙari a kan haka gidan sarautar Habasha na cewa su jinin Annabi Sulaimanu ne ta wajen sarauniyar Saba, wadda mu muke kira Bilkisu su kuma suke ce mata Makeda. A littafinsu Kebra Nagast an ce ta haifa masa ɗa Menelik na farko. Wannan ruwayar Habashawa ce, ta bambanta da abin da muka karanta a Suratun Namli, amma a wajen Rasta ita ce hujjar cewa Selassie daga zuriyar Dauda yake.

Ina Marcus Garvey ya shigo cikin labarin?

Garvey ɗan Jamaika ne, an haife shi 1887, ya kafa ƙungiyar ci gaban baƙar fata ta UNIA a 1914, ya koma Amurka ya tara mabiya masu ɗimbin yawa da kiran Afirka ta 'yan Afirka ce, har ya kafa kamfanin jiragen ruwa Black Star Line a 1919. Baƙin tauraron da ke tutar Ghana ma daga nan Nkrumah ya ɗauko tunaninsa. Rasta na ɗaukarsa kamar annabi saboda ana cewa ya taɓa ce wa mutane su dubi Afirka za a naɗa baƙin sarki. Abin dariyar shi ne shi Garvey bai taɓa zama Rasta ba, kuma da Italiya ta mamaye Habasha a 1935 Selassie ya fice ya koma garin Bath a Ingila, Garvey caccakarsa ya yi a rubuce ya kira shi matsoraci da ya gudu ya bar jama'arsa. Ya rasu a Landan a 1940 bai taɓa taka Afirka ba.

Wa ya fara wa'azin?

Mutum huɗu ake yawan ambata: Leonard Howell, Joseph Hibbert, Archibald Dunkley da Robert Hinds, amma Howell ya fi suna. Tun 1933 yake tsayawa a titi yana ce wa mutane sarkinsu ba na Ingila ba ne, Ras Tafari ne, yana sayar da hoton Selassie sule ɗaya. Turawan mulki ai ba za su zuba ido ba, aka kama shi da laifin tunzura jama'a aka ɗaure shi shekara 2 a 1934, daga baya ma har gidan mahaukata aka kai shi. A 1940 ya kafa wani sansani a kan tudu mai suna Pinnacle a yankin St Catherine, mutane suka tare can suna noma abincinsu suna noma wiwi kuma, 'yan sanda suna kai samame suna komawa har aka tarwatsa wurin a 1954, mutanen suka watsu unguwannin talakawa na yammacin Kingston, wato garin kashe wuta sai aka watsa garwashi.

Wahalar ba ta ƙare da tafiyar Turawa ba. Jamaika ta samu 'yanci 6 ga Agusta 1962, a Afrilun 1963 aka yi rikicin Coral Gardens kusa da Montego Bay, aka ƙona gidan mai, mutum 8 suka mutu har da 'yan sanda 2, gwamnatin Alexander Bustamante ta sa aka bi Rasta ana kamawa ana duka ana aske musu gashi da ƙarfi, mai laifi da marar laifi. Sai a 2017 firaminista Andrew Holness ya fito ya nemi afuwa a madadin gwamnati. Yau ƙasar da hoton Rasta take tallar yawon buɗe ido, ka ji duniya.

Da gaske suna cewa Haile Selassie Allah ne? Shi me ya ce?

Da yawansu eh, musamman na farko, sun ce shi ne Jah a jikin mutum, ko kuma dawowar Almasihu ta biyu. Wasu kuma sun sassauta, sun ce shi zaɓaɓɓen sarki ne kawai daga gidan Dauda, Yesu ne mai ceto. Ga Musulmi wannan magana ba ta da wurin zama ko kaɗan, haka ma Kirista ba zai yarda da ita ba, wannan a fili yake.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shi mutumin da ake magana a kai Kirista ne ɗan cocin Orthodox na Habasha, mai riƙo sosai, bai taɓa cewa shi abin bauta ne ba. A wata hira da ɗan jaridar Kanada a 1967 ya faɗa cewa shi mutum ne mai mutuwa kamar kowa, kada a yi kuskuren ɗaukar ɗan Adam a matsayin Allah. Har malamin coci aka tura Jamaika a 1970, wanda aka fi sani da Abuna Yesehaq, don ya koya musu Kiristancin Habasha. Wasu suka shiga, wasu suka ce ai tawali'u ne irin na manya shi ya sa ba zai faɗa da bakinsa ba. In mutum ya riga ya yi imani da abu, ko musun da ka yi sai ya zama masa hujja.

Kuma in ka tambayi Habashawa kansu za ka ji wani labarin daban. Wasu na ganin girmansa, shi ya tsaya gaban Majalisar Ƙasashe a Geneva a 1936 ya kai ƙarar Italiya da ta watsa wa mutanensa iskar guba, shi ya karɓi baƙuncin kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Mayun 1963 wadda Tafawa Ɓalewa ya halarta, shi ne kuma ya shugabanci kwamitin sulhu lokacin yaƙin basasar Najeriya da ya zauna a Yamai da Addis Ababa a 1968. Wasu kuma abin da suke tunawa shi ne mulkin danniya, manyan masu gonaki suna tatsar talakawa, Musulmin ƙasar da Oromo da 'yan Eritiriya suna kukan an mayar da su saniyar ware, ga yunwar Wollo ta 1973 da gwamnati ta yi ta ɓoyewa.

Ya taɓa zuwa Jamaika kuwa?

Sau ɗaya, ranar 21 ga Afrilu 1966, kuma ranar an ga abu. An ƙiyasta mutum kusan dubu 100 suka cika filin jirgin Palisadoes a Kingston da ganguna da tutoci da hayaƙi, jirgi na sauka suka keta shingen tsaro suka kewaye shi, sarki ya leƙo ya koma ciki ya daɗe bai fito ba, sai da aka kira wani jagoran Rasta Mortimer Planno ya hau matakala ya lallashi jama'a suka buɗe hanya. Gwamnati ta yi zaton in suka gan shi ido da ido, ɗan ƙaramin mutum tsoho, za su dawo daga rakiyarsa, sai abin ya juye, don ya gana da shugabanninsu ya ba su lambobin zinariya, mutanen da jiya ake kora daga titi yau ga su a fadar gwamna. Har yau suna bikin ranar duk shekara.

To da ya mutu fa, ba su watse ba?

Sojojin Derg suka hamɓarar da shi 12 ga Satumba 1974, aka sanar da mutuwarsa a Agustan 1975 yana da shekara 83, gwamnati ta ce rashin lafiya ce, mutane da yawa sun yi imanin kashe shi aka yi. Tunda ba a nuna gawa ba ba a yi jana'iza ba sai Rasta suka ce ƙaryar Babila ce, wato azzalumai, Jah ba ya mutuwa. A 1992 aka tono ƙasusuwa a harabar fada, aka binne su a babban cocin Triniti na Addis Ababa a Nuwamban 2000. Wasu sun yarda, suka ce jiki ne ya tafi ruhu na nan, wasu har gobe ba su yarda nasa ba ne.

Mene ne Babila da Zayon da suke yawan faɗa a waƙa?

Daga labarin Bani Isra'ila suka aro, lokacin da aka kwashe su bauta zuwa Babila suna kuka suna tuna Sihiyona, wato Zayon, yana nan a Zabura 137. Rasta suka ce ai mu ne wannan. Babila a bakinsu ita ce duk tsarin zalunci: mulkin mallaka, 'yan sanda, 'yan siyasa, jari-hujja, har da cocin da suke ganin ya haɗa baki da masu bautar da su. Zayon kuma Habasha ce, ko Afirka gaba ɗaya.

Kuma ba a baki kawai suka tsaya ba. A 1961 gwamnatin Jamaika ta tura tawaga da Rasta a ciki ta zaga Habasha, Najeriya, Ghana, Laberiya da Saliyo don duba yiwuwar komawa. Tun 1948 ma Selassie ya ba da fili eka 500 a Shashamane, kusan kilomita 250 kudu da Addis Ababa, kyauta ga baƙaƙen ƙasashen waje da suka goyi bayan Habasha lokacin yaƙi da Italiya. Wasu suka tattara suka koma. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, Derg ta ƙwace mafi yawan filin a 1975, mutanen gari na kallonsu baƙi, 'ya'yan da aka haifa a can suka tashi ba takardar zama ɗan ƙasa, sai a 2017 gwamnati ta ce za ta ba su katin shaida. Kuma wiwi haramun ce a dokar Habasha, wato a Zayon ɗin ma ana iya kama ka.

Gashin nan fa, dole ne?

Ba dole ba ne a wajen kowa, kuma su Howell na farko ma ba su da shi, gemu suka fi tarawa. Sai wajen ƙarshen shekarun 1940 zuwa 1950 matasa masu zafi suka fara barinsa ya murɗe. Hujjarsu Littafin Ƙidaya 6:5, wa'adin keɓaɓɓe da aka ce aska ba za ta taɓa kansa ba, da labarin Samson mai tukkaye bakwai, wasu kuma na cewa hotunan mayaƙan Mau Mau na Kenya ne suka burge su, ga kuma kamannin gezar zaki. Ba rashin wanka ba ne kamar yadda ake zato, ana wanke shi, tsefewa da taje shi ne ba a yi.

Kuma dan Allah a daina kiran duk mai wannan gashin Rasta. 'Yan Baye Fall na Senegal suna da shi kuma Musulmi ne 'yan ɗariƙar Muridiyya, wasu mabiya addinin Hindu a Indiya suna da shi tun kafin a san Jamaika, akwai yaran da ake haifa da shi waɗanda a kudancin Najeriya ake ce wa dada, sannan ga 'yan ƙwallo da mawaƙa da salun kawai suka je aka murɗa musu.

To maganar wiwi, ita ce ibadar tasu?

Wannan ce tambayar da kowa ke jira. Eh, da yawansu suna ɗaukarta tsattsarkan ganye, suna kafa hujja da Farawa 1:29 da Zabura 104:14 da Wahayin Yahaya 22:2 inda aka yi maganar ganyen warkar da al'ummai. A zamansu na tattaunawa ana yin addu'a sannan a zagaya da lofe, su ce tana buɗe tunani. Amma ganyen ba daga Afirka ya je musu ba, leburorin Indiya da Ingila ta kai tsibirin daga 1845 su suka je da shi, kalmar ganja ma tasu ce. An haramta shi a Jamaika tun 1913, sai a 2015 aka sassauta doka, wanda aka kama da abin da bai wuce giram 56 ba tara kawai zai biya, aka kuma ba Rasta damar amfani da shi wajen ibada.

Ba kowane Rasta ke sha ba, kuma dattawansu na kyamar giya da hodar iblis da ƙwayoyi, har sigari wasu ba sa taɓawa. Lucky Dube na Afirka ta Kudu da ake ganin hotonsa a bayan motoci ya sha faɗa cewa shi ba ya shan wiwi ba ya shan giya. Ni dai ra'ayina, yaron unguwa da ke zuƙa a kango yana cewa shi Rasta ne alhali bai san ko waye Howell ba, shaye-shaye kawai yake ya samu inuwar fakewa. Kuma a Najeriya laifi ne, in 'yan NDLEA suka damƙe ka ba ruwansu da Zabura, balle illar da take yi wa ƙwaƙwalwar matasa wadda duk mun gani da idonmu.

Me suke ci?

Abincinsu suna ce masa ital, wato abin da ya fito daga ƙasa ba a cika shi da sinadari ba. Alade haramun ne kaf, haka jatan lande da kaguwa da kifi marar ɓawo, suna bin dokokin Littafin Firistoci sura 11. Da yawa ba sa cin nama gaba ɗaya, wasu na cin ƙananan kifi, masu tsanani ko gishiri ba sa sawa balle dunƙulen magi da abincin gwangwani. Wake, doya, kabewa, ayaba, ganye da madarar kwakwa, kusan shikenan. A nan kam ba su yi nisa da tuwo da miyar kuka ba in aka cire nama.

Suna da coci ko wurin ibada?

Yawanci babu gini na musamman, sukan ce jikin mutum shi ne haikali. Akwai ƙaramin zama na tattaunawa da karatun Baibul, akwai kuma babban taro da ake kira Nyabingi wanda ake kwana ana kiɗa da waƙoƙin yabo a gaban wuta, wani lokaci kwanaki a jere. Ganguna uku ne: babbar mai bugu kamar tsawa, ta tsakiya funde mai bugun zuciya, da ƙarama akete mai yin kwalliya a sama. Daga wannan kiɗan rege ya ɗebi abubuwa da yawa. Manyan ranakunsu su ne 7 ga Janairu Kirsimetin Habasha, 21 ga Afrilu, 23 ga Yuli, 17 ga Agusta ranar haihuwar Garvey, 11 ga Satumba sabuwar shekarar Habasha, da 2 ga Nuwamba.

Launukan kuma na tutar Habasha ne, kore da ruwan ɗorawa da ja, wani lokaci a ƙara baƙi na tutar Garvey. Sukan ce ja jinin da aka zubar ne, kore ƙasa, ruwan ɗorawa arziki. Irinsu ne a tutocin Ghana, Mali, Senegal, Gini da Kamaru, duk daga Habasha aka gani.

Duk ɗariƙa ɗaya ce?

Ina! Manya uku ne. Nyabingi su ne tsofaffin hannu masu tsauri, sunan ma daga yankin Uganda da Ruwanda ya zo inda aka yi wa Turawa tawaye da shi. Bobo Ashanti kuma Prince Emmanuel Charles Edwards ya kafa su a 1958, suna zaune a Bull Bay, suna naɗa rawani su rufe gashin da doguwar riga, suna kiyaye Asabar, an san su da sana'ar tsintsiya, in ka hango ɗaya daga nesa sai ka rantse wani malami ne daga Zariya. Sai Ƙabilu Goma Sha Biyu na Isra'ila da Vernon Carrington ya kafa a 1968, su ne masu sassauci, sun fi kusa da Kiristanci, suna karɓar kowane launin fata, ba dole sai da gashi ba, kowa da ƙabilarsa gwargwadon watan haihuwarsa, kuma ana karanta sura ɗaya ta Baibul kullum. Mafi yawan Rasta ma ba sa cikin ko ɗaya.

Mata fa?

Ana kiran mace sarauniya ko gimbiya, ana kafa misali da Menen matar Selassie da aka naɗa su rana ɗaya. Amma a aikace namiji ne gaba, mace ta rufe kai, ta sa doguwar sutura, ba wando ba kwalliyar kanti, in tana al'ada ba ta girki wa jama'a ba ta shiga taro, a wajen Bobo ma keɓewar ta fi tsawo sosai. Tun shekarun 1970 matan cikinsu ke ƙorafi a kan wannan kuma abubuwa sun ɗan sauya.

Me ya sa Turancinsu ya bambanta?

Da gangan ne. Sun ce Turanci yaren ubangidan bawa ne don haka sai sun gyara shi. Maimakon "ni" ko "mu" sai su ce "Ai an Ai", wai ni da kai da Jah duk a haɗe muke ba wanda ke ƙarƙashin wani. Kalmar fahimta a Turanci tana farawa da "ƙarƙashi", suka ce wanda ya fahimta ai sama yake, suka juya ta. Kalmar zalunci kuma farkonta na kama da "sama" a kunne, suka ce zalunci danne mutum yake ƙasa, ita ma suka juya.

Bob Marley ne shugabansu?

A'a, mawaƙi ne, bai kafa komai ba, amma ba don shi ba da ni da kai ba mu san da su ba. An haife shi 6 ga Fabrairu 1945 a ƙauyen Nine Mile, babansa Bature mamarsa baƙa, ya taso a Trench Town, Mortimer Planno ɗin nan na filin jirgi yana cikin waɗanda suka koyar da shi. Ya yi wasa a bikin 'yancin Zimbabwe a Afrilun 1980. Ciwon dajin fata ya kama shi a ɗan yatsan ƙafa, likitoci suka ce a yanke ya ƙi, ya rasu a Miami 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne watanni kaɗan kafin rasuwarsa, a Nuwamban 1980, Abuna Yesehaq ya yi masa baftisma a cocin Orthodox na Habasha da suna Berhane Selassie. Har yau ana gardama ko barin Rasta ya yi ko a'a.

Kuma ba duk mai rege ne Rasta ba. Tiken Jah Fakoly na Kwaddebuwa daga gidan Musulmi ya fito, yana rege da gashinsa. A 2018 UNESCO ta sa rege cikin al'adun duniya da ake karewa.

Su nawa ne, kuma akwai su a nan kusa da mu?

Ba su da yawa kamar yadda sunansu ya yi ƙara. A ƙidayar Jamaika ta 2011 kusan mutum dubu 29 ne suka ce su Rasta ne, wajen kashi 1 cikin 100 kenan, a duniya kuma ana ƙiyasin dubu 700 zuwa miliyan 1. Akwai su a Ingila, Amurka, Afirka ta Kudu, Kenya, Malawi da Ghana inda Rita matar Bob Marley ta taɓa komawa da zama. A Najeriya an fi saninsu ta mawaƙan kudu irin su Majek Fashek da Ras Kimono. A ƙasar Hausa kuwa kiɗan da hular da sunan ne suka shigo, aƙidar ba ta samu ƙasa ba, duk wanda ake kira "Rasta" a unguwarku in ka bincika Juma'a yana sahu.

Inda suke da yawa rigimarsu ta yanzu ta makaranta ce. A Kenya kotu ta yanke a 2019 cewa Rastafari addini ne, ba za a kori yarinya don gashinta ba. A Ghana makarantar Achimota ta ƙi karɓar ɗalibai Rasta a 2021 sai sun yi aski, babbar kotun Accra ta ce a karɓe su da gashinsu. A Malawi ma kotu ta yanke irin wannan hukuncin a 2023.